Idan An Raba Aikin Jinya, Alhakin Na Wane Ne?

'Yan'uwa, duk wanda ya saba zuwa Misar safe ranar Lahadi a Sabon Gari ko a Samaru ya san ma'aikatan asibiti suna da yawa a cikinmu. Wata takan shigo a makare, idanunta sun yi ja, gama daga aikin dare ta fito. Wata kuma takan fice tun ba a gama sanarwa ba, domin ta sami motar Shika. A benci ɗaya sukan zauna, zanen Zumuntar Mata iri ɗaya sukan ɗaura, su miƙa wa juna hannun salama. Amma ran Litinin, sa'ad da suka shiga ɗakin marasa lafiya, ɗaya tana cikin fararen kaya riƙe da mabuɗin kabad ɗin magunguna, ɗayar kuwa tana ɗauke da bokiti da fo. Ta farin ita ce nas. Ta biyun ita ce mataimakiya, wadda 'yan asibiti ke kira atenda, masu raini kuma su ce leburar asibiti.

Mutum ɗaya ne ke kwance a gado, amma hannuwan da ke taɓa shi a yini suna da yawa. In ya warke, kowa yakan sami rabonsa na godiya. In wani abu ya ɓaci fa, alhakin na wane ne? Tambayar ta shafe mu duka, gama ba gidan da ba a taɓa yin jinya ba.

Tun da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na Shika a 2005, hanyar nan da ta bi ta Kwangila ta wuce Samaru ta zama hanyar ma'aikatan lafiya da masu kai abinci ga marasa lafiya, safe da yamma. A Sabon Gari ga asibitin tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi, wanda manya ke ce wa Limi har yanzu. Ga na Anglikan a Wusasa, ga kuma ƙananan asibitocin kuɗi a unguwa-unguwa. A kowannensu za ka tarar da mutanen nan biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu doka ce ta kafa shi. A 1979 aka haɗa hukumar ungozomomi da ta nas-nas suka zama hukuma ɗaya, ita ce ke yi wa nas rajista, ita ce kuma ke da ikon ƙwace lasisinta. Kafin a kira mace ko namiji nas, sai ya yi aƙalla shekara uku a makarantar jinya, ko shekara biyar a jami'a, ya kuma ci jarrabawar hukumar. Atenda ba ta da wannan rajista. Galibi a bakin aiki take koyon abin da ta iya: gyaran gado, kai samfurin jini ɗakin gwaji, tura majinyaci zuwa ɗakin hoto ko tiyata, zubar da fo, taya wanka da sauya zanin gado.

Bari mu ɗauki misali. Ƙarfe biyu na dare, a ɗakin mata mai gado talatin, nas ɗaya ce da atenda ɗaya. Nas tana can ƙurya tana fama da wata da numfashi ke neman gagara. A wannan gefen, ruwan da aka ɗaura wa wata tsohuwa ya ƙare, jini ya fara hawa cikin robar. 'Yar tsohuwar, wadda ke kwana a tabarma kusa da gadon, ta tashi ta kama hannun atenda, ta ce, "Sista, don Allah ki sauya mata, ga sabuwar ledar nan a rataye." Atendar nan shekararta ashirin a wannan ɗaki. Ta ga ana sauya ledar ruwa sau dubbai. Hannunta ya san yadda ake yi fiye da hannun ɗalibar jinya mai shekara biyu a makaranta. Me ya kamata ta yi?

Zuciya takan ce ta sauya mana, ai taimako ne. Ni kuwa ina ganin abin da ya wajaba a kanta shi ne ta kwantar wa 'yar da hankali, ta je da sauri ta faɗa wa nas, ta kuma bar ledar a inda take. Dalili shi ne, zare wannan leda a maƙala waccan shi ne mafi ƙanƙantar sashen aikin. Babban sashensa yana cikin kai. Wane irin ruwa ne, na gishiri ko na suga? An zuba magani a ciki? Tsohuwar tana da ciwon suga? Zuciyarta da ƙodarta za su ɗauki wata leda a daren nan, ko kuwa ruwan zai taru a huhunta? Likita bai rubuta a dakata ba bayan zagayen yamma? Amsoshin nan suna cikin fayil, suna kuma cikin karatun shekara uku. Mai kallo daga nesa hannu kaɗai yake gani, shi ya sa aikin nas yakan yi masa kama da abin da kowa zai iya.

Saboda haka iyakar da aka shata tsakanin ma'aikatan nan biyu domin wanda ke kwance aka shata ta. Masu bincike sun auna wannan. Wata malamar jinya ta Amurka, Linda Aiken, tare da abokan aikinta, sun duba asibitoci 300 a ƙasashe tara na Turai, suka buga sakamakon a 2014: duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A wani binciken nasu na 2017 sun sami cewa in aka cire nas ɗaya aka sa mataimaki a madadinta a kan kowane majinyata 25, haɗarin mutuwa yana ƙaruwa da kashi 21 cikin ɗari. Lissafin Turai ne, ba za mu ɗora shi a kan Zariya kai tsaye ba. Amma abin da yake nunawa a fili yake: mataimaki ƙari ne a kan nas, ba ya cike gurbinta.

A nan dole in faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Iyaye da yawa a cikinmu, in yarinya ta gama sakandare ba kuɗin ci gaba, sukan kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi "ta koyi aikin nas". Bayan shekara ɗaya ko biyu a ɗinka mata fararen kaya, a yi biki, unguwa ta fara kiranta Nas. Daga nan sai allura a ɗaki, ƙarin ruwa a zaure, wani lokaci har karɓar haihuwa. Hukumar nas-nas ba ta san da irin wannan horo ba, takardar da aka ba yarinyar kuma ba lasisi ba ce. Na san talauci ne ke kai mu ga haka, yarinyar ma neman halaliya take yi. Duk da haka an ɗora mata kayan da ba a ba ta gammonsa ba, kuma ranar da allura ta taɓa jijiyar ƙafar yaro ya gurgunce, mai asibitin da ya karɓi kuɗin koyarwa ba zai tsaya tare da ita a gaban 'yan sanda ba.

To, wannan gefe ɗaya ke nan. In da nan maganar ta tsaya, da sai nas-nas su ce an yi musu shari'a mai daɗi.

Iyakar da doka ta shata ta hannu ce. Ba ta hana ido gani ba, ba ta hana baki magana ba, amma a ɗakunan jinya da yawa an miƙe ta har ta rufe waɗannan ma. Ku dubi wanda ya fi daɗewa a jikin majinyaci. Likita yakan tsaya mintoci kaɗan a zagaye. Nas takan zo da magani, ta auna jini da zafin jiki, ta koma teburin rubutu, gama rubutun ma aiki ne da ba makawa. Wadda ta sauya zanin gado ita ce ta ga bayan tsohon nan. Wadda ta zubar da fo ita ce ta ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, abin da kan nuna jini na zuba a ciki. Ita ce ta lura ledar fitsari ba ta motsa ba tun safe, ita ce ta kwashe kwanon abinci ba a taɓa shi ba kwana biyu. Kuma sau da yawa ita ce ke jin yaren majinyacin ƙauye, ita ce yake gaya wa abin da kunya ta hana shi gaya wa masu fararen kaya, kamar cewa yana shan wani jiƙo a ɓoye tare da maganin asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Gyambon kwanciya ya isa misali. Mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, in ya daɗe a gefe ɗaya, nauyinsa yakan danne fata a kan ƙashi, a ƙugu ko kwatangwalo ko diddige, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa tun daga ciki. Shi ya sa ake koyar da juya irin wannan majinyaci kamar kowane awa biyu. A farar fata alamar farko ja ce, nan da nan ake ganinta. A fatarmu kuwa sai dai wurin ya ƙara duhu kaɗan, ko ya yi ɗumi ko tauri, wanda bai sa hannu ba ba zai sani ba. In atenda ta gani ta faɗa, aka ce mata, "Ke kuma yaushe kika zama likita?", gobe ba za ta sake faɗa ba. Bayan mako biyu sai a tarar da ramin da zai ci watanni da kuɗin gona kafin ya cike, in ma ya cike. Wa ya jawo shi? A takarda ba za a sami sunan kowa ba. Amma kalmar rainin nan da aka faɗa mako biyu baya tana da hannu a ciki.

Akwai kuma wani tunani da ya shiga cikin wasu masu ilimin jinya, wai wanka da kwasar ƙazanta sun yi ƙasa da matsayin mai digiri. Na yarda nas ɗaya ba za ta iya yi wa mutum talatin wanka ba, raba aikin dole ne. Sai dai nas da ta shekara ba ta juya majinyaci da hannunta ba ta rasa wani ilimi da ba ya cikin fayil. Waliyyi Kamilus na Lellis, wanda Paparoma Pius na 11 ya sanya shi majiɓincin ma'aikatan jinya a 1930 tare da Waliyyi Yohanna na Allah, tsohon soja ne, ɗan caca, mai gyambo a ƙafa. A matsayin bara ya fara aiki a asibitin San Giacomo da ke Roma, daga baya ya zama shugaban asibitin. Wato majiɓincin nas-nas daga aikin atenda ya taso. Ya kamata wannan ya sa mai riƙe da mabuɗin kabad ta sassauta murya.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Uwa takan goya wa 'yarta mai shekara goma ƙaninta domin ta sami damar yin tuwo. Goyo ya koma bayan yarinya, amma in jaririn ya faɗa wuta, mutane uwar za su fara tambaya: kin san yarinyar ta iya? Kin gaya mata kada ta matsa kusa da murhu? Kin leƙa su? Haka yake a ɗakin jinya. Nas tana iya miƙa aiki, amanar majinyaci kuwa tana nan a wuyanta. Kafin ta ce "je ki yi kaza", wajibi ne ta san cewa aikin yana cikin abin da aka yarda atenda ta yi, wannan atendar kuma ta iya shi, ta gaya mata abin da in ta gani za ta dawo da gudu, sa'an nan ta bi sawu. Florence Nightingale, wadda ta kai ma'aikatan jinya 38 asibitin soja na Scutari a 1854, cikinsu har da sistocin Katolika, ta koyar da cewa shugabar ɗaki ba a auna ta da abin da ta yi da hannunta kaɗai, sai da abin da ta shirya ya ci gaba da yiwuwa sa'ad da ba ta nan. Basamariyen nan na Luka sura 10 ma, da tafiya ta kama shi, ya danƙa mai raunin ga mai masauki, ya bar kuɗi, ya faɗi abin da yake so a yi, ya kuma ce zai dawo. Mukan yi wa'azi a kan man da ya zuba a raunin, mu manta da yadda ya miƙa aikin.

Abin takaici, in ɓarna ta faru alhaki yakan gangara kamar ruwa, ya tsaya a kan wanda ya fi kowa ƙasa. Nas tana da ƙungiya mai ƙarfi, tana da lasisi, tana da alƙalamin da ke rubuta rahoton abin da ya faru. Atenda, musamman wadda ɗan kwangila ya ɗauka ko take aikin wucin gadi, magana ɗaya ta isa a sallame ta. Nas da ta sa atenda aikin da ba nata ba domin ta huta, abu ya ɓaci, ta rubuta rahoto ta tsame kanta, ta yi laifi biyu, na biyun kuwa shaidar zur ce a kan maƙwabciya.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin matsayi yana wanke mutum. Atenda tana da nata alhakin cikakke a kan abin da aka ba ta da abin da ta gani. In an ce ta juya majinyaci ba ta juya ba, ta ce ta juya, ƙarya ta yi, kuma ƙaryar a jikin wani za ta fito. In ta ga alama ta yi shiru domin suna gaba da nas ɗin da ke aiki a ranar, ta rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai mai jiran a sa mata wani abu a hannu kafin ta kawo fo. Akwai mai ɗaukar sirrin ɗakin jinya ta kai kasuwar Sabon Gari, kafin a sallami mutum unguwarsu duka ta san cutar da ke damunsa, wani lokaci har aure ya mutu. Amanar sirri ba ta jiran lasisi.

Wani abin da ke dagula zaman shi ne shekaru. A al'adarmu babba shi ke aiken ƙarami. A asibiti kuwa yarinya mai shekara ashirin da uku, jiya ta gama makaranta, ita za ta ba da umarni ga matar da ta haifi kamarta. Babbar takan ji ciwo, ƙaramar takan ji tsoro, tsoron kuma yakan fito da kamannin tsawa. Ban ga abin da ya hana a ba kowane girma haƙƙinsa ba. "Mama, don Allah a taya ni juya mai gado na bakwai" umarni ne cikakke, ba abin da ya ragu daga ikon nas. Mama kuma ta san cewa ranar da za a yi tambaya, yarinyar nan za a kira, saboda haka maganarta ce ta ƙarshe a kan magani da jinya, ko da Mama ta riga ta shiga ɗakin da shekara ashirin.

Wani zai ce, duk wannan magana ce ta wanda bai taɓa kwana shi kaɗai da majinyata talatin ba. Ƙorafin yana da nauyi. A Fabrairun 2024 magatakardar hukumar nas-nas, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A ranar 30 ga Yuli 2025 ƙungiyar nas-nas ta shiga yajin aikin gargaɗi, cikin buƙatunta har da a ɗauki ƙarin ma'aikata, ta janye bayan 'yan kwanaki. Inda hannu ya yi kaɗan haka, iyakar nan takan goge da kanta, atenda ta wayi gari tana yin rabin aikin nas da albashin shara. Ban ce ranar da rai ke fita a gabanta ta naɗe hannu ba. Danne wurin da jini ke zuba, ko juya mai amai kada ya shaƙe, wajibin kowane ɗan Adam ne. Abin da nake ƙi shi ne a mai da larurar dare ɗaya ta zama tsarin kowane dare, shugabanni suna sane suna kawar da kai domin ya fi araha. A irin wannan hali babban rabon alhakin ya haura sama, zuwa ga waɗanda ke tsara yawan ma'aikata da masu riƙe da kuɗin lafiya. Nas da ta rubuta wa shugabarta cewa aikin daren nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya ta sauke wani nauyi. In kuwa asibiti ya ga lalle sai mataimaka sun ɗauki wasu ayyuka, sai ya horar da su a fili, ya rubuta abin da aka yarda su yi, ya biya su daidai da shi. A Ingila, bayan binciken da aka yi a kan sakacin da ya auku a asibitin Stafford, an fito da takardar horo ta musamman ga mataimakan jinya a 2015.

Saura mu, masu kwana a tabarma. Mu ne hannu na uku a ɗakin, gama a asibitocinmu ɗan'uwa ne ke ciyarwa, shi ke wanki, shi ke gudu sayen magani. Mu ne kuma muka fi kowa tura atenda ta tsallake iyaka, domin ta fi sauƙin kai kuma tana kusa. In muna ƙaunar wanda muke jinya, mu roƙe ta ta kira nas, mu daina roƙonta ta zama nas. In mun ga wani canji a jikinsa mu faɗa wa dukansu biyu. Mu daina shiga tsakaninsu da gulma, muna yabon wannan a gaban waccan domin a fi kula da namu.

Ranar 11 ga Fabrairu, Ranar Marasa Lafiya ta Duniya wadda Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya kafa a 1992, parishohi da yawa sukan kira likitoci da nas-nas su fito gaba a sa musu albarka. Zai yi kyau katikis ya ambaci atenda da masu shara da masu tura keke da sunan aikinsu, gama da yawansu ba sa tashi in an ce "ma'aikatan lafiya", suna zaton ba da su ake ba. Ga 'yan'uwanmu kuma da Allah ya ba shugabancin ɗakin jinya, ina da roƙo ɗaya wanda ba ya bukatar kobo. Da safe, sa'ad da masu aikin dare ke miƙa wa na rana gado bayan gado, a bar atendar daren ta tsaya a cikin zagayen, a kuma tambaye ta abin da ta gani kafin ta tafi neman motar gida.